Lambar Sirrin 'Yarsa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Shekara ashirin da biyu yana zaune a kujera ɗaya, a bayan gilashi mai 'yar kafa daga ƙasa, inda hannu ke shigowa, hannu ke fita. Fasinja ba ya kallon fuskarsa. A faɗi sunan gari, a miƙo, a karɓa, a wuce. Masu ce masa sannu da aiki a wuni ba su fi mutum uku ba, su ma tsofaffi ne.

Kada ku gyara zama kuna jiran labarin mashayi ko ɗan caca. Mutumin nan ba ya ko ɗaya. Sallah ba ta wuce shi. Idan ka manta jakarka a bakin tagarsa, ka dawo bayan mako guda, za ka same ta yadda ka bar ta. Ciwonsa ɗaya ne tak, kuma wallahi da yawanmu mun shigo wurin nan da irinsa a cikin aljihu.

Abin ya faro ne da wasa. Wani abokin aikinsa, mai duba tikiti a cikin jirgi, ya ce yana neman wani fim ya rasa. Mutumin ya laluba a wayarsa lokacin hutun rana, ya samo, ya tura masa. Washegari mai duba tikitin ya zo bakin gilashi, ya kalle shi ido cikin ido, ya ce, "Kai, ashe haka kake? Kai ne maganin abin!" Maganar nan ta yi masa daɗi ƙwarai. Ya wuni yana juya ta a ransa.

Sai ya buɗe zaure a waya, irin wanda ake tara mutane ana tura musu abubuwa. Da mutum goma sha biyu ya fara, duk ma'aikatan tasha. Wannan ya jawo ƙaninsa, wancan ya jawo surukinsa. Kafin shekara tara ta cika, mutum dubu arba'in ne a ciki. Fim ya fito yau, gobe yana zauren. Waƙoƙi, littattafai, darussan koyon sana'a da wasu bayin Allah suka zauna suka shirya da guminsu don su ci abinci, duk yana kwasowa yana zubawa. Mutanen zauren suka sa masa suna Gatan Kowa.

Bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba, wannan gaskiya ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ladansa yabo ne. Da rana zai buɗe kwanon abincinsa, ya ɗauki waya, ya hau karanta abin da aka rubuto: Gatan Kowa ka biya mu, Gatan Kowa ba mu da kamarka. Abincin ya huce bai sani ba. Mutumin da ba a kallon fuskarsa a bayan gilashi, ga shi dubu arba'in suna kiran sunansa. Ina kansa zai tsaya?

Duk wanda ya yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Ni ba sayarwa nake yi ba, taimako nake yi." To ni ina tambayarku, ya 'yan uwa. Idan na shiga shagon maƙwabcina ba ya nan, na kwashe kayansa, na fito bakin titi na raba wa masu wucewa, suna ta sa mini albarka, mene ne sunana? Mai kyauta? Albarkar da suka sa mini za ta mayar masa da kayansa?

Kuma ba a ce ba a gargaɗe shi ba. Sau biyu masu kula da manhajar suna aiko masa da saƙo cewa masu haƙƙin mallaka sun yi ƙorafi, sau biyu ana rufe zauren. Ya buɗe wani da sabon suna, kafin kwana uku mutanensa sun dawo kaf. Akwai wata tsohuwar malama da ta rubuta littafi don ɗaliban aikin jinya. Ta samo lambarsa, ta rubuto masa da ladabi cewa shekara shida ta yi tana rubuta littafin nan, tun da ya ɗora shi ko kwafi ɗaya ba ya fita a shaguna, don Allah ya cire. Ya karanta, jikinsa ya ɗan yi sanyi. Sai ya duba ya ga mutum nawa suka yi godiya a ƙarƙashin littafin. Ya rubuta mata cewa ilimi na Allah ne, ya toshe lambarta. Matarsa ma ta sha cewa, "Malam, abin nan da ake rufewa kana sake buɗewa, hankalina bai kwanta da shi ba." Ya ce mata ba ta san kan zamani ba.

To, mutumin nan yana da 'ya, ita ce 'yar farinsa. Allah ya ba ta kai da kunne. Ta iya harsuna uku, ta samu aiki a wani kamfanin fassara, irin masu rubuta maganar fim a ƙasan hoto don wanda ba ya jin yaren ya karanta. Aikin ba wasa ba ne. Za ta zauna a teburin falo da abin ji a kunne, ɗan wasa ya yi magana, ta tsayar, ta rubuta, ta koma baya, ta sake ji, ta rage kalma don kada rubutun ya wuce layi biyu, ta daidaita shi ya fito daidai lokacin da baki ya buɗe. Minti goma na fim yakan cinye mata wuni. Tana son aikin nan kamar ranta. Wani lokaci za a ji ta kwashe da dariya ita kaɗai, a ce lafiya, ta ce kalmar da take nema tun safe ce ta faɗo mata.

Shekara uku tana yin tallace-tallace da wasannin yara kafin a yarda da ita. A shekara ta huɗu aka ba ta babban fim, wanda duniya ke jira, saura wata biyu ya fito. Ta sa hannu a takarda cewa babu idon da zai gan shi sai nata. Fim ɗin ba ya sauka a kwamfuta, sai dai ta shiga shafin kamfanin da lambar sirrinta ta kalla a can. A kusurwar hoton, can sama, akwai wasu 'yan lambobi dishi-dishi, lambarta ce ta aiki. Ranar da aka ba ta, ta durƙusa gaban uban ta ce ya sa mata albarka. Ya sa mata, har da ƙwalla.

A daidai lokacin kuwa, mutanen zaure sun dame shi da maganar fim ɗin nan. Wani sabon zaure ya taso yana kwashe masa jama'a, masu tsokana suna rubutowa: "Gatan Kowa ya tsufa." "In ka isa ka kawo mana wannan." Yana karantawa yana cizon leɓe, ga abin da ake nema a falonsa, taku huɗu daga kujerarsa.

Wata Talata, ranar hutunsa, 'yar ta raka mahaifiyarta asibitin ido. Sun zaci za su dawo da wuri, sai suka tarar da layi har waje. Ga shi dole ta aika kashin da ta gama kafin sha biyun rana, ta kuwa manta ba ta danna ba. Wa za ta kira? Ta kira wanda ta fi yarda da shi a duniya.

"Baba, don Allah ka taimake ni. Ka buɗe kwamfutata, zan faɗa maka lambar. Ka danna inda aka rubuta a aika, shi ke nan, sai ka rufe."

Ta faɗa masa harafi bayan harafi. Ya buɗe, ya danna, aikin ya tafi. Ta ce, "Allah ya bar mana kai, Baba." Ta kashe waya.

Da a nan ya rufe, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ya tsaya. Ya ce bari ya ga farkon kawai. Sai ya ce ai ba ɗauke mata zai yi ba, nata yana nan. Haka Shaiɗan yake yi, ba ya cewa ka yi sata, cewa yake yi me zai ragu. Mutumin nan ya tashi ya ja labule, ya ɗauko ƙamus ɗinta guda uku ya jera, ya jingina wayarsa a kai tana kallon fuskar kwamfutar, ya kunna ɗauka. Awa biyu da minti goma yana zaune ko tari bai yi ba.

Wai shi mai wayo. Ya san da lambobin nan na kusurwa, don haka ya zauna ya yanke gefen hoton gaba ɗaya, ya ce to ya kare 'yarsa. Ya kuma jira kwana biyar kafin ya ɗora, don kada a haɗa da ranar. Da ya ɗora kuwa, subhanallahi! Wayar har zafi ta ɗauka don shigowar saƙonni. Waɗanda suka gudu suka dawo, suka zo da wasu. Kwana huɗu yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa.

Abin da bai sani ba, masu fim ba yara ba ne. Lambar kusurwa don ido aka sa ta. Akwai wata a cikin jikin hoton kansa, a kowace daƙiƙa, wadda ido ba ya gani sai na'ura, yanka ba ya cire ta, ɗauka da waya ba ya ɓatar da ita. Sannan shafin kamfanin yana ajiye duk abin da aka yi a cikinsa. Suka duba suka ga ranar Talata an kunna fim ɗin daga farko har ƙarshe ba a tsayar ko sau ɗaya ba. Mai fassara ba ya kallo haka. Mai fassara bai taɓa barin fim ya yi rabin minti bai tsayar da shi ba.

Da safe, misalin ƙarfe tara, ana shan shayi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yan sanda biyu ne da mace ɗaya, da takardar kotu a hannu. Sunan 'yarsa suka kira. Suka ɗauki kwamfutar, suka ɗauki wayarta, suka ce ta sa takalmi. 'Yar ta juyo ta ce, "Baba, ka gaya musu, ai ka san ni." Uwar tana salati tana riƙe da mayafin 'yar. Shi kuwa ya kawar da kai. Kofin shayin yana hannunsa har motar ta tashi.

A can suka nuna mata rana da sa'a. Talata, sha ɗaya da rabi zuwa biyu saura. Ta kalli takardar, ta daɗe tana kallo.  Suka yi tambayar duniya, ta ce ba ta da abin faɗa. Da yamma kawunta ya karɓo ta beli. Ta shigo gida, ta durƙusa ta gaishe da uban kamar kullum, ta shige ɗaki. Ba ta kalle shi ba, shi ma bai iya kallonta ba. A nan ya sha jinin jikinsa cewa ta gane.

Kun san abin da ya fara yi? Bai je ya faɗi gaskiya ba. Gogewa ya hau yi, wai in abin ya ɓace maganar za ta mutu. Ya goge daga zaurensa. Ya duba wancan zauren, yana nan. Ya duba wani shafi, yana nan, an ma sa masa hoto mai kyau. Ya rubuta wa mutanensa: don Allah don Annabi duk wanda ya sauke ya goge, rayuwar wata tana ciki. Wasu suka turo hoton dariya. Wani ya ce Gatan Kowa ya ji tsoro. Wani ya ce tunda za a goge bari ya yi sauri ya tura wa 'yan uwansa. Roƙon nasa sai ya zama talla.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa, har yatsansa ya ƙage. A wurin aiki ya ba mai zuwa gabas tikitin yamma, aka yi ta masifa a bakin gilashi bai ma ji ba. A cikin motar haya da zai koma gida, mutumin da ke kusa da shi yana kallon wani abu a waya. Ya leƙa. Fim ɗin ne, a ɗan karkace yadda ƙamus ɗin suka jingina wayar. Ya ce, "Bawan Allah, ka taimake ni ka goge wannan." Mutumin ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, naka ne?" Ya matsa gefe ya ci gaba da kallonsa. Ya 'yan uwa, abin da yatsa ɗaya ya saki, hannu dubu ba sa kamo shi.

Kwana shida yana wannan haukan. Abinci ba ya shiga. A gida ba a magana sai gaisuwa. 'Yar tana zaune a ɗaki, teburin falo babu komai a kansa sai ƙura.

A rana ta bakwai lauyan da kawun ya samo ya kira shi ofis. Ya rufe ƙofa, ya ce, "Malam, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Yarinyar nan tana da katin asibiti mai ɗauke da rana da sa'a. Ma'aikata sun gan ta, mahaifiyarta shaida ce. Wannan katin kaɗai zai nuna ba ita ce a gaban kwamfutar ba. Amma ta hana ni fito da shi. Ta ce gara a ɗaure ta. Ko ka san dalili?"

Mutumin ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya faɗi komai, har da labulen, har da ƙamus ɗin. Lauya ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

Ya ce masa ga yadda abin yake. In ya amsa laifinsa, ita ba za ta je gidan yari ba. Amma bakinsa kaɗai bai isa ba, don za a ce uba ne yake rufa wa 'yarsa asiri. Dole ita da kanta ta tsaya gaban alƙali ta faɗi wanda ta ba lambar.

Ya ce, "In na yi haka, za su mayar da ita aikinta?"

Lauya ya ce, "Wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun alƙali ba. Ta sa hannu ba za ta ba kowa lambar ba, ta kuwa bayar. Sai dai mu roƙa."

Kalmar nan ta "mu roƙa" ita ya riƙe, ya fito da ita kamar an yi masa alkawari.

Ya koma gida, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta. Uba ne yake sallama yana jira a ba shi izini a cikin gidansa. Ya shiga ya zauna a ƙasa, ta zabura za ta sauko daga bakin gado, ya ce ta zauna. Ya ce, "Uwata, ni na yi. Kin sani, na san kin sani. Ki je ki faɗa."

Ta ce, "Baba, da wane bakin?"

Ya ce, "Da bakin da kika kira ni kika ba ni amana. In kina so in ga rahama, ki faɗa."

Kwana biyu yana roƙonta, uwar tana taya shi, kafin ta yarda.

Ranar shari'a aka kira ta. Ta rantse. Aka tambaye ta ina take ranar Talata, ta faɗa. Aka ce wa ta ba lambar sirrinta.   Ta ce, "Mahaifina." Aka ce yana cikin ɗakin nan? Ta ɗaga hannu ta nuna shi. Wannan shi ne abin da ya saka wa 'yarsa da shi, ya 'yan uwa. Ya sa ta nuna ubanta da yatsa a gaban jama'a.

Da aka buɗe wayarsa kuma, sai ga aikin shekara tara a jere, babu abin da ya ɓata. Masu fina-finai, masu waƙoƙi, masu buga littattafai, kowa ya aiko da lauyansa. Wasiƙar tsohuwar malamar nan ma an karanta ta a kotu, tare da amsar da ya ba ta, don a nuna ya san abin da yake yi. Aka yanke masa shekara biyu. Tasha ta sallame shi. Cikin mutum dubu arba'in, ko ɗaya bai zo kotu ba. Kafin mako ya zagayo wani ya buɗe sabon zaure, sun koma can suna yi masa kirari.

Gidan yari ba sai na ba ku labarinsa ba. Abu ɗaya ne ya riƙe mutumin nan a ciki. Zuwan matarsa na farko, kafin ta zauna ya ce, "Sun mayar da ita?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sun mayar da ita, Malam, ka kwantar da hankalinka." Ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala. Daga ranar ya fara cin abinci. Duk wuyar da ya sha sai ya ce a ransa ba komai, ai na biya, yarinyata tana kan teburinta. Ita 'yar ba ta cika zuwa ba, in ya tambaya a ce aiki ne ya yi mata yawa, sai ya ji daɗi.

Da ya fito, ya tarar kullum tana fita da sassafe cikin shiga mai kyau, ta dawo da yamma. Suka ce masa yanzu a ofis take yi, ba a barin kowa ya yi a gida. Ya ce daidai ne. Bayan mako guda ya yi wanka, ya sa rigarsa mafi kyau, bai gaya wa kowa ba, ya nufi kamfanin. Niyyarsa ya nemi gafararsu, ya kuma yi musu godiya.

Shugabar sashen fassara ta fito ta same shi a ɗakin jira. Ya gabatar da kansa, ya fara godiya. Ta bar shi ya yi nisa, sannan ta ce, "Malam, tsaya. Tun ranar da 'yan sanda suka je gidanku 'yarka ba ta sake yi mana aiki ba."

Ya ce ko dai wani reshe aka kai ta. Ta girgiza kai. Ta ce masu fina-finai suna da jerin sunayen waɗanda abu ya taɓa fita ta hannunsu, kuma duk kamfanonin fassara da wannan jerin suke aiki. Wanda ya ɗauki mai suna a ciki, ba za a sake ba shi fim ba. Ba nan kaɗai ba, ko'ina. Ta ce, "Ni na koya mata aiki. A duk waɗanda na koya wa babu kamarta. Sau uku ina rubutawa a kanta."

Dattijon nan ya zube a ƙasa gaban matar da ba ta kai shi shekaru ba. Ya ce ai an hukunta shi, ya yi zaman, ga takardar sallama. Ya ce a sa sunansa a jerin a cire nata. Ya ce a nuna masa ƙofar da zai je ya kwana a bakinta. Ta ce, "Don Allah ka tashi. Babu ƙofar. Da akwai, da na riga ka zuwa."

Bai san yadda ya kai gida ba. Matar tana ganin fuskarsa ta gane inda ya je. Ta zauna ta gaya masa. Yarinyar ta nemi aiki wuri goma sha, ana ganin sunan sai a ce za a kira ta. Yanzu a ɗakin wanki na wani otel take, can ƙasan bene, tana wanke zannuwan gado da tawul tana gugewa. Kayan da take fita da su, a jaka take ninke su in ta isa, ta sa rigar aiki.

Ƙarfe biyar 'yar ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta je ta kawo masa ruwa. Da ta miƙo kofin, sai ya kalli hannun, kallon da bai yi ba tun da ya dawo. Fatar yatsun ta saluɓe saboda sinadarin wanki, bayan hannun duk tabon dutsen guga. Ta ga inda yake kallo, ta kalli uwar, ta gane.

Ta ce, "Ni na ce a ɓoye maka, Baba. Don ka iya zama a can."

Ya ce, "Uwata, ki gaya mini abin da zan yi. Ko mene ne."

Ta tsaya da gaske tana tunani, tana nema masa wani abu da za ta ba shi ya yi. Sannan ta ce, "Babu, Baba. Na yafe maka tun tuni. Amma babu. Sha ruwanka."

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana raye. Ya tuba, kuma ƙofar tuba a buɗe take, rahamar Allah ta fi zunubin kowa yawa. Amma kun san haƙƙin mutane sai an mayar wa masu shi ko sun yafe. Ya zo ya same ni bayan wata sallar la'asar ya ce, Malam, wa zan mayar wa? Mutum nawa ne? Ina zan gan su? Tsohuwar malamar nan ya neme ta, aka ce ta rasu. 'Yarsa ta yafe, amma yafiyar ba ta cire sunanta daga jerin ba.  Shekara talatin ina amsa tambayoyin mutane, ranar na ce masa ya yawaita istigfari, ni da shi duk mun san ba abin da ya zo tambaya ke nan ba.

Na ga wasu tun ɗazu suna tura waya can cikin aljihu. Ba aljihun nake jiye muku tsoro ba. Abin da wani ya yi da guminsa, fim ne, littafi ne, waƙa ce, darasi ne, haƙƙinsa ne, ko kana iya taɓa shi da hannu ko ba ka iyawa. Raba shi kyauta bai mayar da shi naka ba. Wanda ya ba ka lambarsa, mabuɗin ɗakinsa ya ba ka. Kuma kada wanda ya ce ai kowa yana yi, don ranar da aka zo, kowa ba ya gida, kai kaɗai za a tarar. Wani lokacin ma ba kai za a tarar ba, sai wanda ya fi kowa yarda da kai. Kafin yatsanka ya danna turawa, ka tambayi kanka: na waye wannan, kuma a kan wa zai faɗo?

Ya Allah, ka tsare hannayenmu daga haƙƙin bayinka. Ka raba mu da son yabon da ke makantar da zuciya. Ka buɗe wa yarinyar nan ƙofa daga inda ba ta zata ba, ka gafarta wa mahaifinta. Kada ka sa 'ya'yanmu su ɗauki kayan da mu muka ɗaure. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka ba mu amana daga sharrin kawunanmu. Amin.